Jarkar da Na Ɗaga a Malbaza

Asabar, bayan magariba

Altine bai zo filin ƙwallo ba yau ma. Na tambayi yara, kowa ya duƙar da kai yana tonon ƙasa da babban yatsa, sai ƙaramin cikinsu ya ce ya gan shi filin lakwal, makarantar boko, wajen malaminsu Mushe Idrissa. Na ce to madalla, ya tafi koyon gudu tsakanin huluna. Suka yi dariya. Ni ma na yi, har da riƙe ciki.

Ba komi. Ƙafa tasa ce.

Amma bari in rubuta, don kar gobe wani ya ce shi ya gano shi. Ni Munkaila, ni na tsinci yaron nan bakin kasuwar Ƙonni, ya rako uwarsa tallar nono, yana dukan goriba da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ni na bi su har ruga, can hanyar Tsarnawa, na zauna gaban ubansa Baffa Hamidu na sha fura har cikina ya yi kuka kafin ya yarda. Ni nake ɗauko shi bisa kabu-kabuna kullum marece, in maida shi. Lokacin nan Idrissa yana Tawa yana koyon busa usur.

Lahadi, hantsi

Ba kallo na je yi ba. Fasinja na sauke bayan lakwal, babur kuma ya yi zafi, na ce bari ya huta.

Idrissa taubashina ne, ɗan Goggo Kubura, don haka duk abin da na gaya masa halal ne, ba shi da damar fushi. Tun muna yara nake sa masa ƙadangare cikin jakar lakwal. Yanzu ya zama Mushe mai koyar da wasanni, ya dawo da takarda da usur da wasu 'yan hulunan roba jajaye da yake jerawa ƙasa yara suna zagaye su da ƙwallo. Hular roba ta taɓa ƙwace ma wani ƙwallo? Ta taɓa sa ma wani gwiwar hannu a haƙarƙari?

Filin shiru kamar gidan makoki. Wani yaro ya sami raga wayam, gola ya faɗi can gefe, ya ɗaga ƙwallo sama har ta kusa kashe shirwa. Da wajena ne, wallahi da ya sami sunan da zai bi shi har ranar aurensa. Idrissa ya tako a hankali ya ce masa, "Mi ka gani kafin ka buga?" Mi ya gani! Shirwa ya gani.

Na ɗaga murya daga bisa babur: "Bawana, wa ya rasu? Ku faɗa mana mu yi gaisuwa."

Ya ce, "Ubangidan da ke jiran fasinja cikin rana? Sauko ka koyi abu, dangi ba a hana su."

"Ni da na haifi ɗan wasan da kake taƙama da shi?"

"Kai ka haife shi, ni zan yaye shi."

Yaransa suka ƙyalƙyace. Altine bai yi dariya ba. Ya zo ya ce, "Ina kwana, Koci," idonsa bisa tayar babur. An ba shi riga mai lamba. Ta yi masa yawa. Ta yi masa kyau.

Talata, azahar

Kai ka haife shi, ni zan yaye shi. Tun shekaranjiya nake neman amsar wagga magana, sai yau ta zo mini, ina wajen duwan, shingen kwastan, da buhun albasa a baya. Amfanin mi.

Laraba, marece

Basira ƙanwata ta aje mini tuwo ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Yaya, kishi kake." Na ce kishi kumallon mata ne, mi ya haɗa ni da shi. Ta ce to ai ga shi ya motsa, sai ka haras. Yarinyar nan bakinta zai hana ta aure.

Ba kishi ba ne. Ganin ana ɓata kaya ne.

Ni ban yi lakwal ba, allo na yi. Abin da na gani can shi ne, yaron da ya yi kure aka yi masa dariya ba ya sake kure a wagga aya har ya tsufa. Ni ba na duka. Ban taɓa ɗaga hannu bisa ɗan wani ba, a tambayi iyayensu. Dariya ce bulalata. Yaron da bai iya ɗaukar dariyar abokansa, yaya zai ɗauki ihun gari guda? Ina haɗa ƙanana da manya cikin lungu, ba takalmi, wanda aka zura ma ƙwallo tsakanin ƙafafu sai ya yi kukan akuya kafin a ci gaba. Altine ya yi kukan akuya har muryarsa ta dushe, yau a nemo wanda zai zura masa.

Shi kuwa Idrissa wai ba ya ƙirga ci wajen horo. Wai kowa sai ya tsare gida, kowa sai ya buga gaba. Wai ɗan shekara sha uku ba a san abin da zai zama ba tukuna, kar a kulle shi cikin suna guda. An ce ran nan ya sa Altine baya. Altine a baya! Kamar ka sami ingarma ka ɗaura masa amalanke.

Kuma ƙarshen wata masu zaɓen 'yan wasa za su zo daga Tawa su ɗauki yara. Filin lakwal za su zo, ba lunguna ba. Su zo su tarar da ingarma yana jan itace.

Alhamis, bayan la'asar

Na kwashe hulunan Idrissa yana cikin aji. Na ɗaura ma tumakin Goggo Kubura kowacce guda da zare, na koro su fili daidai lokacin da yara suka taru. Wata ta tsaya tsakiyar raga tana kallon mutane kamar sabon jandarma. Wallahi na yi dariya har hawaye.

Idrissa ma ya yi. Ya yi ya ƙoshi, sannan ya busa usur ya ce, "Ku yi wa Koci Munkaila godiya, ya kawo mana huluna masu tafiya. Kowa ya ɗauki ƙwallo ya ratsa su, kar ya taɓa ko ɗaya."

Ka ji fa. Tsiyata ya maida darasi.

Altine ya ratsa tumakin nan kamar shi ya haife su, yana yi musu 'yar ƙarar harshen nan ta makiyaya, yana dariya. Shekara biyu muna tare ban taɓa jin irin wagga dariya bakinsa ba.

Da aka tashi na ce zo in kai ka gida. Ya hau. Sai da muka fita gari na ce, "Mi na yi maka?"

"Ba komi, Koci."

"To mi ke can da babu wajena? Riga?"

Muka wuce gonakin albasa. Sannan ya ce, bakinsa kusa da bayana, "Can in na zubar ba a dariya."

"Ni fa don ka yi ƙarfi nake yi."

"Na sani."

Na sani. Ko gardama bai yi mini ba.

Asabar, safe

Ba komi. Ƙafa tasa ce.

Litinin, marece

An yi ƙuri'ar kofin yara na Malbaza. Yarana da yaran Idrissa, wasan farko, Asabar mai zuwa. Allah Ya iya haɗi.

Malbaza. Bara a filin nan ne, na bayan masana'antar siminti, aka ba mu fenariti, na ce Altine ya buga. Wasansa na farko gaban jama'a. Yana tafiya ya aje ƙwallo na ga wandonsa ya yi duhu ta gaba, abu na bin ƙafarsa. Ni kaɗai na lura, don ni kaɗai na san yadda yake tafiya. Na sungumi jarkar ruwan shanmu na ruga cikin fili ina ihun "Zafi ya yi yawa, a shayar da shanu!" na juye masa ita tun daga kai, na watsa ma gola, na watsa ma alƙalin wasa. Aka kore ni waje, gari guda na dariyar haukan Munkaila. Kowa ya jiƙe, ba wanda ya gane. Altine ya buga ya ci.

Ba mu taɓa maganar ba, ni da shi. Ko sau ɗaya.

A wace takardar Tawa aka rubuta wannan? Da Idrissa ne da ya tako a hankali ya ce, mi ka gani kafin ka yi fitsari.

Laraba, azahar

Na ga Idrissa ya ɗauki Altine bisa baburinsa sun nufi ruga. Hanyata ce. Ramukan hanyar ma ni na san su.

Juma'a, bayan masallaci

Goggo Kubura ta ce mana mu biyu, gobe kar ta ji kar ta gani. Na ce Goggo ai wasan taubasai ne, in na kayar da bawana ki ba shi haƙuri. Idrissa ya ce a kawo mini majanyi tun yanzu, don a goye za a dawo da ni. Muka ci abinci kwano guda.

Asabar, bayan magariba

Mun ci. Ɗaya da nema.

Yara suna ta waƙa cikin mota har Ƙonni. Ni kaina ke ciwo, ƙurar siminti ce.

Lahadi, hantsi

Jarka kawai na ɗaga. Wa bai taɓa ɗaga jarka bakin fili ba? Rana ake yi.

Lahadi, marece

In ana maganar gaskiya, fenaritin ma ba daidai ba ne, yaronmu ƙwallo ya taɓa. Da alƙalin wasa bai busa ba da duk wannan bai faru ba.

Talata, bayan la'asar

Basira ba ta yi mini magana ba tun jiya. Yau ta kawo ruwan wanka ta dire bokiti har rabin ya zube.

Na ce mi kuma.

Ta ce, "Yaran unguwa sun sami sabon wasa. In sun ga Bafillace sai su ɗaga hannu kamar masu juye jarka, su ce, in kawo ruwa?"

Na ce yara ne.

"Wa ya gaya musu abin da ya faru bara, Yaya?"

Na ce labari ne kawai na ba su cikin mota, don su saki jiki. Kowane koci yana ba yaransa labari.

"Kuma wa ya je bayan raga ya tsaya, Altine yana shirin bugu, ya ɗaga jarka ya kira sunansa?"

Na ce ki fita mini daga ɗaki.

Ni ban ce ya tsaya cik ba. Ban ce ya duba wandonsa gaban mutane ba, wandon ma a bushe yake, ba komi jikinsa. Ya duba, jama'a suka ga ya duba, yarana suka fashe. Ya taɓa ƙwallo kamar mai tsoron ta fashe, gola ya ɗauke ta da hannu ɗaya. Da ya zauna wajena da ya iya ɗaukar wannan. Ka ga abin da nake faɗi ke nan. Ka ga amfanin filin da ba a dariya.

Laraba, safe

Ka ga abin da nake faɗi ke nan.

Alhamis, marece

Idrissa ya zo tasha inda muke jiran fasinja. Na ce, "A'a, bawana, an zo gaida ubangida? Ina goron kaye?"

Bai amsa ba. Ya ce, "Munkaila." Sunana kawai, ba ado. Tunda muka yi wayo bai taɓa kirana haka ba.

Ya ce Altine bai zo fili ba tun ranar. Ba ya rako uwarsa kasuwa. Ya je ruga sau biyu, yaron ya shige cikin shanu ya ƙi fitowa.

Na ce ai wasa ne, shi ma ya san halina, kai ma ka sani, tun muna yara.

Ya ce, "Ni ne taubashinka. Ni. Ka sa mini ƙadangare, ka sa ma tumaki hulunana, ka tsaya bayan raga ka zage ni har kakanmu, dole in yi dariya, haƙƙinka ne. Shi mi ya haɗa ku? Wace goggo ce ta haife shi?"

'Yan kabu-kabu suka juyo suna kallonmu. Na duƙa ina latsa tayar da ba abin da ya same ta. Ni da ba a taɓa rufe mini baki tashar nan ba.

Da zai tafi ya ce, "Ni ban san abin da ya faru bara ba sai ranar Asabar. Shekara guda ka rufa masa asiri, ban iya wannan ba, ba a koya mini ba. Shi ya sa abin ya fi ba ni haushi."

Ko yabon nasa sai da ya zo da ƙaya.

Asabar, azahar

Yaro ya zubar da ƙwallo wajen horo jiya, duk suka yi kukan akuya tun kafin in ce komi. Na ce su rufe mini baki. Suka dube ni kamar na yi sabon kai. Na tashe su da wuri.

Litinin, safe

Ruwan farko ya sauka jiya. Gari duk ƙanshin ƙasa, mutane sun fita shuka tun asuba.

Uwar Altine na gani bakin kasuwa. Na gaishe ta ta amsa ba ta ɗago ba, tana gyara faifai bisa ƙwarya. Ta ce tunda an fara shuka shanu za su hau arewa cikin satin nan. Kullum wansa ke bin uban, Altine ya zauna da ita saboda ƙwallo. Bana Altine da kansa ya ce a tafi da shi.

Masu zaɓen Tawa ranar Asabar. Shanu ranar Alhamis.

Litinin, marece

In ya tafi, Idrissa ma ya rasa shi. Na rubuta wannan don ya zo mini a rai, kuma da ya zo sai da na ji sanyi kaɗan. Allah Ya shirye ni.

Laraba, bayan magariba

Na je ruga da hantsi.

An fara ɗaure kaya bisa jakuna. Baffa Hamidu ya shimfiɗa mini tabarma, muka yi gaisuwa mai tsawo, shanu da gida da ruwan da ya sauka. Ba a kawo fura ba. Ya ce, "Munkaila, da ka zo roƙonsa ka ce za ka riƙe shi kamar ƙanenka. Ni ban san balo ba, ƙwallon nan naku. Na dai san ɗan maraƙin da aka tsorata bakin rijiya, ko ƙishi zai kashe shi ba ya komawa. Yana can bayan garke. In ya ce zai zauna, ya zauna. Ba ni zan sa shi ba."

Na same shi ya jingina da sanda. Ya ce, "Sannu, Koci." Har yanzu Koci.

Na shirya magana tun daga gari, mai daɗi, har da abin dariya a tsakiya. Da na gan shi duk ta zube. Na ce, "Asabar masu zaɓe za su zo."

"Na sani."

"Ka fi duk yaran da ke filin nan. Ba don ni ba, ba don Idrissa ba."

Wata saniya ta zo tana shinshinar baburina.

Na ce, "Yaran unguwa na kama su ɗaya ɗaya. Wanda ya sake ɗaga hannu ya bar ƙwallo wajena har abada."

Ya ce, "Ba su ba ne, Koci. Su ba su gani ba, ji suka yi. Kai ka gani."

Na tsaya ina kallon sandarsa.

Can ya ce, "Zan zauna. Amma ranar kar ka zo."

"Can nesa fa, bayan katanga? Ko tari ba zan yi ba."

"Ina gane ƙarar baburinka tun daga tasha."

Na ce to wa zai ɗauko ka. Ban san mi ya sa na tambaya ba, na san amsar.

"Mushe."

Na ce to. Na tura babur da hannu har na fita daga garke, wai don kar in firgita shanu.

Alhamis, hantsi

Shanu sun tafi. Idrissa ya aiko Basira ta gaya mini yaron ya je horo jiya da marece, ya tsare gida, ya buga baya, sannan ya buga gaba. Ya aiko. Bai zo ba.

Asabar, azahar

Na shigo da babur cikin gida na jingine shi bayan rumbu. Abokan tasha sun aiko wai lafiya, ranar ciniki. Na ce taya ce.

Basira ta yafa mayafi ta tafi kallo. Ta tambaye ni ko akwai saƙo. Na ce ki ce ma bawana ya sa shi gaba, kar ya yi mana hauka gaban baƙi. Ta ce wannan kaɗai? Na ce wannan kaɗai.

Asabar, la'asar

Ana jin filin daga nan in iska ta juyo. An yi ihu sau ɗaya, babba. Sannan wani. Ban san na wa ba ne.

Asabar, bayan magariba

Basira ta dawo ƙafarta duk taɓo. Ta tsaya bakin ƙofa.

Ta ce, "An ɗauke shi. An ba su fenariti ma, shi ya ce zai buga."

Na ce madalla.

"Ya ci. Ya ruga ya rungume Mushe har suka faɗi."

Na ce madalla, ai na faɗa.

"Mutumin Tawa ya dafa kansa ya tambaye shi wa ya koya masa ƙwallo."

Na ce ta kawo mini tuwo, yunwa nake ji. Ba ta motsa ba.

"Ba za ka tambayi abin da ya ce ba, Yaya?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Gara haka."